HAƘƘIN LAFIYA DA KUNDIN TSARIN MULKI: DARASI DAGA JOS

Gabatarwa

A farkon watan Yuli na shekarar 2025, Kwamitin Majalisar Dattawa mai duba Kundin Tsarin Mulki ya zauna a Jos, babban birnin Jihar Filato, domin ya saurari ra'ayoyin jama'ar shiyyar Arewa ta Tsakiya. Ba wannan ne karo na farko ba, gama a watan Mayu 2021 an yi irin wannan zama a garin. Sarakuna da ƙungiyoyin mata da na matasa da na ma'aikata duk sun hallara, kowa da takardarsa. Waɗansu suna neman sabuwar jiha, waɗansu 'yan sandan jiha, waɗansu kuwa ƙarin kujerun mata a majalisa.

Akwai wata buƙata wadda ta daɗe tana kai da komowa duk lokacin da aka tashi gyaran Tsarin Mulki. Ita ce, a mai da kula da lafiya haƙƙin kowane ɗan ƙasa, haƙƙin da zai iya nema a gaban alƙali idan an hana shi. Wannan ɗan littafi zai bayyana wa mai karatu abin da Tsarin Mulki ya faɗa game da lafiya, da yadda jama'a suka taɓa kai wannan buƙata har bakin gaɓa, da dalilin da ya sa ba ta haye ba, da kuma abin da ya kamata mai goyon bayanta ya sani. Masu magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Wani Misali

A ƙaddara wata mace ce a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bassa ko Jos ta Gabas, naƙuda ta kama ta da tsakar dare. Aka kai ta ɗakin shan magani na ƙauyen, aka tarar da shi a kulle, ba unguwarzoma, ba magani. Kafin a sami mota a kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, jini ya ƙare mata, rai ya yi halinsa. Bayan an share makoki sai mijinta ya tafi wurin lauya, ya ce, "Na ji an ce Tsarin Mulki ya wajabta wa gwamnati ta tanadi asibiti da magani ga kowa. Ina so in kai ƙara."

Lauyan zai amsa masa cewa lalle an rubuta haka, amma a babin da aka hana kotu ta yi shari'a a kansa. Wannan amsa ita ce tushen maganar duka.

Irin wannan rashi kuwa ba baƙon abu ba ne. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata 512 suna rasa rayukansu, kuma a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa cika shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rubu'in matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya duka a 2020 'yan Nijeriya ne. Bugu da ƙari, a cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan, fiye da naira 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa.

Babi Biyu Masu Kama Da Juna

Kundin Tsarin Mulki na 1999 yana da babi biyu da suka yi magana a kan abin da ɗan ƙasa ke tsammani daga hukuma.

Babi na Huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46, shi ne na haƙƙoƙin ɗan Adam: haƙƙin rayuwa, da mutunci, da 'yancin addini, da faɗin albarkacin baki, da sauransu. Duk wanda aka tauye masa ɗaya daga cikinsu, sashe na 46 ya ba shi ikon zuwa Babbar Kotu ta jiharsa ya nemi a bi masa kadi.

Babi na Biyu kuwa, daga sashe na 13 zuwa na 24, shi ne na manyan manufofin da aka umurci gwamnati ta sa a gaba. A nan ne lafiya take. Sashe na 17 ya ce gwamnati ta tsara ayyukanta yadda za a sami isassun asibitoci da kayan kula da lafiya domin kowa da kowa. Amma sashe na 6 ya yi togaciya: ikon kotu bai kai ga tambayar ko gwamnati ta cika abin da ke cikin Babi na Biyu ko ba ta cika ba.

Watau Babi na Huɗu kamar bashi ne mai shaidu, wanda alƙali zai iya karɓo maka. Babi na Biyu kuwa alkawari ne. Alkawari kaya ne, gaskiya, amma ba a kai wanda ya saɓa wannan irinsa gaban shari'a.

Asalin Wannan Tsari

A watan Oktoba 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta sabon Tsarin Mulki, mai wakilai 49, a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Kwamitin ya aro dabarar manyan manufofi daga Tsarin Mulkin Indiya na 1950. Mafi yawan wakilai suna ganin ƙasa mai tasowa ba ta da dukiyar da za ta biya kowa da kowa idan aka buɗe ƙofar kotu, kuma rabon kuɗin gwamnati aikin zaɓaɓɓun wakilai ne, ba na alƙalai ba. Wakilai biyu, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Dokta Olusegun Osoba na Jami'ar Ife, suka ƙi amincewa, suka rubuta nasu rahoton dabam a 1976, inda suka nemi a mai da irin waɗannan buƙatu haƙƙoƙin da doka za ta tilasta. Ra'ayin masu rinjaye ne ya shiga Tsarin Mulkin 1979, na 1999 kuma ya gaje shi.

A 1981, cikin shari'ar da Babban Bishop Okogie ya shigar a kan Gwamnatin Jihar Legas game da makarantu, Kotun Ɗaukaka Ƙara a ƙarƙashin Mai Shari'a Mamman Nasir ta tabbatar da cewa kotu ba ta da hurumi a kan Babi na Biyu. Ta bayyana cewa masu tsaron wannan babi su ne majalisa da masu jefa ƙuri'a. A lura da wannan hukunci da kyau: ya rufe ƙofar kotu, amma ya ɗora nauyin a wuyan jama'a.

Ranar Da Aka Tambayi Jama'a

Ranar Asabar 10 ga Nuwamba 2012, Majalisar Wakilai ta yi abin da ba a saba yi ba. Kowane wakili ya koma mazaɓarsa, aka yi taron jama'a a mazaɓu 360 na ƙasar nan, har da takwas na Jihar Filato, kamar su Jos ta Arewa da Bassa, da Jos ta Kudu da Jos ta Gabas. Aka karanta tambayoyi 43, jama'a suna amsawa i ko a'a. Ɗaya daga cikinsu ita ce ko a ba kotu ikon tilasta haƙƙoƙin da ke Babi na Biyu, irin su ilmi da lafiya. Mafi yawan mazaɓu suka amsa da i. Babban Taron Ƙasa na 2014, wanda Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi ya shugabanta, shi ma ya ba da shawara makamanciyar wannan.

Majalisar Tarayya ta saurara. A cikin gyaran da aka kira Gyara na Huɗu, ta sa sababbin sassa biyu a Babi na Huɗu: sashe na 45A, haƙƙin ilmin farko kyauta, da sashe na 45B, haƙƙin kula da lafiya a matakin farko da kula da mata masu ciki kyauta. Majalisun jihohi suka amince, aka aika wa Shugaban Ƙasa.

A watan Afrilu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya mayar da gyaran ba tare da sa hannu ba. Dalilan faɗuwar gyaran suna da yawa, amma uku ne suka shafi darasinmu.

Na ɗaya, lafazi. Ya ce an bar sashe na 45B a buɗe, ba a faɗi a kan wa nauyin yake ba, har ana iya fassara shi cewa asibitoci masu zaman kansu ma dole su yi magani kyauta. A gari kamar Jos wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin asibitocin mishan, kamar na Jankwano da na Vom, da na 'yan kasuwa suna ɗauke da babban kaso na majiyyata.

Na biyu, lissafi. Ya ce ba a nuna shaidar cewa an sami yawan ƙuri'un da Tsarin Mulki ya shar'anta ga waɗansu sassan ba.

Na uku, yadda aka ɗaure kayan. An haɗa gyare-gyare masu yawa cikin doka guda, har da waɗanda suka rage ikon Shugaban Ƙasa. Da ya ƙi guda, duk suka faɗi tare. Tun daga nan Majalisa ta koma gabatar da kowane gyara a dokarsa dabam.

Ashe buƙatar da ta taso daga jama'a ta ratsa Majalisar Tarayya da majalisun jihohi, sa'an nan ta karye a kan lafazi da lissafi. Wanda zai sake ɗaukar wannan kaya wajibi ne ya san inda na farko ya yi tuntuɓe.

Hanyar Gyaran Tsarin Mulki

A waɗansu ƙasashe jama'a kan gyara tsarin mulki da ƙuri'arsu kai tsaye. Alal misali, a Amurka kowace jiha tana da nata tsarin mulki, kuma a watan Nuwamba 2022 mutanen Jihar Oregon suka jefa ƙuri'a, da ƙaramin rinjaye, suka sa haƙƙin samun magani mai sauƙin kuɗi a cikin nasu. A Nijeriya ba haka abin yake ba. Jihar Filato ba ta da kundi nata na kanta, haka ma sauran jihohi. Kundi ɗaya ne, kuma sashe na 9 ya shimfiɗa hanyar gyara shi:

1. Gyara na yau da kullum yana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukan 'yan kowace majalisa, watau sanatoci 73 cikin 109, da wakilai 240 cikin 360.

2. Gyaran da ya taɓa Babi na Huɗu yana buƙatar kashi huɗu cikin biyar, watau sanatoci 88 da wakilai 288.

3. Bayan haka sai majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36 sun amince.

4. Daga nan a kai wa Shugaban Ƙasa ya sa hannu.

Ke nan mutumin Bukuru ko Pankshin ko Shendam yana da ƙofa uku: sanatansa, ɗaya daga cikin uku na jihar; wakilinsa, ɗaya daga cikin takwas; da ɗan majalisar jiharsa, ɗaya daga cikin 24 da ke zama a Jos. Ƙuri'ar Majalisar Dokokin Filato kuwa daidai take da ta Kano ko ta Legas a wannan lissafi.

A kuma kula da babin da za a sa gyaran. A watan Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran da ya umurci gwamnati ta tabbatar da wadatar abinci. Amma a Babi na Biyu aka sa shi, saboda haka ya zama manufa, kamar yadda lafiya take.

Abin Da Ke Hannu Tun Yanzu

Kada mai karatu ya zaci ɗan ƙasa ba shi da madafa sai an gyara kundi. A 2002, cikin shari'ar Jihar Ondo da Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Majalisar Tarayya tana iya kafa doka domin aiwatar da abin da ke Babi na Biyu, kuma kotu za ta tilasta wannan dokar. Ga waɗansu dokokin da suka shafi lafiya:

Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981. Nijeriya ta mai da ita dokar gida a 1983. Sashenta na 16 ya ba kowa haƙƙin lafiya. A 2000, cikin shari'ar Cif Gani Fawehinmi, Kotun Ƙoli ta ce yarjejeniyar doka ce a ƙasar nan, sai dai Tsarin Mulki yana samanta. A 2004 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta dogara da ita, ta yanke cewa waɗansu fursunoni masu jiran shari'a da ke ɗauke da cutar ƙanjamau suna da haƙƙin a yi musu magani.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 20 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, tararsa naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Sashe na 11 ya kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, ya ce a zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Rabinsa na inshorar lafiya ne, kashi 45 na magunguna da gyaran ɗakunan shan magani da horar da ma'aikata, kashi 5 kuwa na taimakon gaggawa. Amma sai a kasafin kuɗin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi, shekara huɗu bayan kafa dokar.

Dokar 2017 wadda ta wajabta wa asibitoci su yi wa wanda aka harba da bindiga magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Dokar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022, wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A Jihar Filato, hukumar PLASCHEMA, wadda aka kafa a 2019, ita ce ke rajistar jama'a a tsarin taimakekeniya na lafiya.

To, in akwai waɗannan dokoki, me ya sa ake neman gyaran kundi? Masu goyon baya suna cewa doka ta majalisa ana iya soke ta ko rage ta da ƙaramin rinjaye, ko a bar ta ba kuɗi, kamar yadda jinkirin shekara huɗu ya nuna. Suna kuma tuna cewa a watan Afrilu 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kai wannan adadi ba.

Darasi Daga Waɗansu Ƙasashe

Afirka ta Kudu ta sa haƙƙin lafiya a sashe na 27 na kundinta na 1996, tare da sharaɗin cewa gwamnati ta cika shi sannu a hankali gwargwadon ƙarfinta. A 1997 kotu ta ƙi tilasta wa wani asibiti ya yi wa wani mai ciwon ƙoda wankin jini, saboda injunan ba su isa kowa ba. Amma a 2002, bayan wata ƙungiyar masu fama da ƙanjamau ta kai ƙara, kotun ta umurci gwamnati ta ba mata masu ciki maganin da ke hana cutar kama jarirai a asibitocin gwamnati. Kenya ta bi sahu a sashe na 43 na kundinta na 2010.

A Barazil, ƙungiyoyin likitoci da na unguwanni ne suka matsa har kundin 1988 ya ce lafiya haƙƙin kowa ce, kuma wajibi ce a kan hukuma. An kafa tsarin magani kyauta ga kowa. Sai dai an sami wata matsala: masu halin ɗaukar lauya suna cika kotuna da neman magunguna masu tsada, abin da kan ci kuɗin da za a yi wa talakawa da yawa aiki.

Daga nan za mu fahimci cewa masu ɗari-ɗari da wannan gyara suna da hujja, ba ƙiyayya ce kurum ba. Rubutu a kundi ba ya gina asibiti, ba ya kuma horar da unguwarzoma. Abin da yake yi shi ne ya ba ɗan ƙasa ikon ya tsai da hukuma a gaban alƙali ta bayyana abin da ta yi da abin da ke hannunta.

Abin Da Jama'a Za Su Yi

1. A rubuta buƙata a fili. Takardar da za a miƙa wa kwamiti ta faɗi babin da ake so a sa haƙƙin, da irin maganin da ya ƙunsa, da wanda nauyin ke kansa. Tsarin Mulki ya ba ƙananan hukumomi hannu a kula da lafiya, jiha tana riƙe da manyan asibitocinta, Tarayya kuma da asibitocin koyarwa. In ba a rarrabe ba, kowa zai tura wa wani.

2. A faɗi matsayin asibitoci masu zaman kansu, da wanda zai biya su idan sun yi aikin, domin kada a maimaita abin da ya faru a 2015.

3. A haɗa kai. Takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun 'yan kasuwar Farin Gada, da ƙungiyar direbobi, da matan coci da na masallaci, da manoman dankalin Bokkos, ta fi takarda ɗari ta mutum ɗai-ɗai. Ciwo ba ya tambayar ƙabila ko addini, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. A bi sawu bayan taro. A tambayi sanata da wakili da ɗan majalisar jiha yadda za su jefa ƙuri'a, a kuma nemi a ƙirga ƙuri'un ɗaya bayan ɗaya, a rubuta.

5. A yi aiki da abin da ke akwai. A shiga Kwamitin Raya Gunduma, a tambayi ko ɗakin shan magani na gunduma yana karɓar kuɗin asusun 2014, da abin da aka yi da su. A yi rajistar inshora. Wanda aka kora daga asibiti cikin halin gaggawa ya kai kuka Ma'aikatar Lafiya ta jiha ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Kammalawa

Gyaran Tsarin Mulki aikin Majalisa ne, ita ce kuma za ta yanke abin da ta ga ya dace. Aikin ɗan ƙasa shi ne ya san abin da yake nema, ya nema ta hanyar da doka ta tsara, cikin lumana da haƙuri. Tun 1976 ake wannan muhawara, kuma a 2015 saura sa hannu ɗaya ya rage. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Mene ne bambancin Babi na Biyu da Babi na Huɗu?

2. Waɗanne dalilai ne suka hana sashe na 45B zama doka a 2015?

3. Sanatoci nawa, wakilai nawa, da majalisun jihohi nawa ake buƙata kafin a ƙara haƙƙi a Babi na Huɗu?

4. Me doka ta ce game da asibitin da ya ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa?

5. In kai ne za ka rubuta sashen haƙƙin lafiya, wane magani za ka fara sa wa a ciki, kuma a kan wa za ka ɗora nauyinsa?